Hijirar Gabas da Matsayin Hausawan Sinja da Jazira a Ƙasar Sudan

Gabatarwa

Sinja ita ce hedikwatar jihar Sinnar ta ƙasar Sudan, tana bakin kogin da Larabawa ke kira Nil Azraƙ, wato Shuɗin Nilu. Daga nan in an yi arewa zuwa Sinnar da Wad Madani, ko aka yi kudu zuwa Rusairis da Damazin, akwai garuruwa da ƙauyuka barkatai da ake magana da Hausa da Fulatanci a cikinsu fiye da shekara ɗari. Wannan takarda za ta duba yadda waɗannan al'ummomi suka kafu, da yadda aƙidar da ta kai kakanninsu can ta zama abin da ya ɗaure su daga baya, musamman a kan mallakar ƙasa da sarauta da takardar zama ɗan ƙasa.

Kafin a shiga cikin tarihin, ya kamata ɗalibin harshe ya lura da sunayen da ake kiran mutanen nan da su. Sudanawa kan ce Fallata, kalmar da asalinta Barebari ke kiran Fulani da ita, amma aka faɗaɗa ta har ta haɗa da Bahaushe da Babarbare da duk wanda ya fito daga yamma. Akwai kuma Takarir ko Takarna, daga Takrur, tsohon sunan da marubutan Larabci suka ba ƙasashen Musulmi na Afirka ta Yamma. Daga wannan tushe ne Hausa ta samu kalmar takari, wadda a yau ake jingina wa masu zaman Makka da Jidda ba da izini ba. A bakin mutane da yawa a Sudan, Fallata kalma ce mai ɗauke da raini, domin tana nufin wanda ba ɗan gida ba.

Aƙidar hijira a Daular Usmaniyya

Hausawa sun daɗe suna bin hanyar ƙasa zuwa aikin hajji, ta Barno da Wadai da Darfur da Kurdufan, su tsallake Nilu su kai Sawakin a bakin Bahar Maliya. Tafiyar kan ɗauki shekaru, domin matafiyi kan tsaya ya yi noma ko ƙodago ya tara guzurin zango na gaba. Wasu kan zauna a hanya, ko a tafiya ko a dawowa. Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ƙara wa wannan hanya wata ma'ana ta daban. Jama'ar Shehu ta soma ne da hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, kuma a 1806 ya rubuta Bayan Wujub al-Hijra, inda ya kafa hujjar cewa wajibi ne Musulmi ya bar ƙasar da ba zai iya tsayar da addininsa a cikinta ba. Shehu ya musanta cewa shi ne Mahadi, amma ya bar wa jama'arsa tsammanin cewa bayyanar Mahadi ta kusa, kuma daga gabas za ta zo. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta wa Modibbo Adama yana umartarsa da ya riƙa tura mutane wajen Wadai da Darfur su nemo labari.

Wannan tsammani ya zame wa sarakunan Sakkwato matsala tun a ƙarni na 19. Ba su iya ƙaryata shi, tunda daga gidansu ya fito, kuma ba su iya barin talakawa su kwashe su yi gabas, domin ƙasar da ta rasa manoma ta rasa haraji da mayaƙa. Don haka amsar da suka riƙa bayarwa ita ce lokaci bai yi ba tukuna. Da Muhammadu Ahmad ya bayyana kansa a matsayin Mahadi a tsibirin Aba a 1881, ya kuma ci Hartum a 1885, Sakkwato ba ta yi masa mubaya'a ba. Wanda ya yi shi ne Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Muhammadu Bello, wanda ya kafa zangonsa a Balda cikin Adamawa, ya ƙulla ƙawance da Rabeh, daga bisani kuma aka kashe shi a rikicin da ya shiga tsakaninsa da gidan Rabeh ɗin.

Burmi da abin da ya biyo baya

Ranar 15 ga Maris 1903 sojojin Ingila suka ci Sakkwato. Manyan daula suka rabu biyu, kuma kowane ɓangare da hujjarsa daga littattafan malaman jihadi. Waziri Buhari ya zauna, ya rubuta wasiƙa ga ma'abota ilimi yana bayyana cewa ya halatta a zauna da Nasara a zahiri domin a tsare addinin jama'ar da ba su da ikon tafiya. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya kuwa ya zaɓi hijira, kuma waƙar nan ta zuwan Annasara da ake jingina masa kira ce zuwa ga hakan. Da ya ratsa ƙasar Zamfara da Kano, manoma suka riƙa barin gonakinsu suna bin sa, abin da ya tayar wa Lugga hankali fiye da yaƙin Giginya kansa. Aka bi shi har Burmi, a ƙasar Gwambe, garin da mabiyan Malam Jibrilla Gaini, 'yan Mahadiyya, suke riƙe da shi. A nan aka kashe shi ranar 27 ga Yuli 1903. Abin lura ne cewa shugaban gidan da ya ƙi yi wa Mahadin Sudan mubaya'a ya ƙare rayuwarsa yana yaƙi kafaɗa da kafaɗa da Mahadawa.

Ɗansa Muhammadu Bello, wanda aka fi sani da Mai Wurno, ya tsira, ya ci gaba da tafiya da waɗanda suka rage. Cikin manyan da suka yi gabas bayan Burmi akwai Sarkin Misau Ahmadu, da Alfa Hashim na dangin Alhaji Umaru Futi, wanda shi ya zarce har Madina. Wajen 1906 Mai Wurno ya iso bakin Shuɗin Nilu, ya sauka a Shaikh Talha, wani gari da Fulani suka riga suka kafa, sa'an nan ya tsallake kogi ya kafa garin da har yau ake kira da sunansa, tsakanin Sinnar da Sinja.

To, an gudu ba a tsira ba. Ingila ta riga ta rushe daular Mahadiyya a yaƙin Karari na 1898, kuma tun 1899 Sudan tana ƙarƙashin mulkin haɗin gwiwa na Ingila da Masar. Nasaran da aka baro a Sakkwato su ne masu ba da izinin zama a Sinnar.

Ƙawancen dole

Kowane ɓangare yana da abin da yake bukata wurin ɗayan. Yaƙe-yaƙen Mahadiyya da yunwa sun rage yawan jama'ar Sudan ƙwarai, gwamnati tana neman hannun aiki. Tana kuma tsoron Mahadiyya, domin a 1906 an yi tawayen Satiru kusa da Sakkwato, a 1908 kuma Abdulƙadir Wad Habuba ya yi nasa a cikin Jazira. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, Sayyid Abdurrahman ɗan Mahadi ya farfaɗo da ƙungiyar Ansar a tsibirin Aba, mutanen yamma da yawa suka riƙa tururuwa can suna yi masa noman auduga don neman albarka. A Nijeriya aka kama Sa'idu ɗan Hayatu a 1923 aka kai shi Buea ta Kamaru, aka kuma tura wani jami'i mai suna Lethem ya bi hanyar alhazai har Sudan domin ya gano yadda wasiƙu da aƙidu ke kai da kawowa. A cikin wannan yanayi, ɗan zuriyar Shehu da ba ya bin Sayyid Abdurrahman abu ne mai amfani ga Turawa. Suka amince wa Mai Wurno da laƙabin Sultan, suka ba shi ƙasar da zai zaunar da mutane, shi kuma ya riƙa tara baƙin da ke isowa yana kafa musu ƙauyuka a gaɓar kogi.

A 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe gandun auduga na Jazira. Tsarin shi ne gwamnati ta kawo ruwa, kamfani ya kula da aiki, manomi ya riƙe yanki da ake kira hawasha, a raba kuɗin auduga kashi 40 na gwamnati, 40 na manoma, 20 na kamfani. Yawancin hawasha 'yan ƙasa aka ba, amma shuka da cirar ciyawa da tsinkar auduga sun dogara ƙwarai a kan mutanen yamma. Da farashin auduga ya faɗi a farkon shekarun 1930, wasu masu hawasha suka watsar, aka ba Hausawa da sauran Fallata, suka riƙe aikin a lokacin da ba wanda yake so. Da kasuwa ta gyaru, sai aka soma ƙorafin cewa baƙi sun cinye gonaki. Akasarin ma'aikatan suka ci gaba da zama a rugage na gefen gonaki da ake kira kambo, jam'insa kanabi, a kan ƙasar da ba su da takardarta.

Wani abu kuma daga cikin gida ya fito. C. Bawa Yamba, wanda ya yi nazari a Wad Madani da ƙauyukan Jazira, ya nuna a littafinsa na 1995 cewa akwai jikoki da tattaɓa-kunnen mahajjata waɗanda a Sudan aka haife su, amma suna ɗaukar kansu a matsayin matafiya da ke kan hanyar Makka, har wasu ba sa son gina gidan da zai nuna sun zauna ke nan. Wannan fahimta ta tsare musu harshe da tsarin karatun allo da mutuncin kai a cikin talauci. Ta kuma jinkirta shigarsu makarantun gwamnati da neman takardu, ta ba maƙwabta hujjar cewa ai su da bakinsu suka ce wucewa suke yi. Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba, sai ga raɓar ta shekara ɗari ba ta bushe ba.

Shekarar da doka ta zaɓa

Dokar zama ɗan ƙasa ta 1948, da wadda ta gaje ta a 1957 bayan samun mulkin kai, sun ce Basudane na asali shi ne wanda shi ko kakanninsa ta wajen uba suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897, wato kafin shigowar Turawa. Mutanen Burmi sun makara da kusan shekara tara. Waɗanda suka zo aikin Jazira sun fi haka nisa. A 1972 aka matsar da ranar zuwa farkon 1924, dokar 1994 kuma ta mayar da ita farkon 1956. A rubuce matsalar ta ragu, amma mai neman takarda sau da yawa sai ya kawo shaidar asalinsa daga shugaban ƙabila da hukuma ta sani, kuma sunan Fallata kan jawo ƙarin tambayoyi.

A daidai wannan lokaci dangantakar hukumomin Arewacin Nijeriya da Sudan tana da ƙarfi. Malaman Sudan ne suka koyar a Makarantar Shari'a ta Kano da aka buɗe a 1934. Malam Abubakar Gumi yana cikin waɗanda aka tura Bakhtar Ruda karatu a tsakiyar shekarun 1950. Alƙalin Alƙalan Sudan, Muhammad Abu Rannat, shi ya shugabanci kwamitin masana shari'a na 1958, wanda a kan shawararsa aka tsara kundin hukunta laifuffuka na Jihar Arewa bisa samfurin na Sudan. Wannan zumunci na manya bai sauko kan mai tsinkar auduga a kambo ba. Gwamnatin Nijeriya tana kallonsa a matsayin alhajin da ya maƙale a hanya, ta Sudan kuma tana kallonsa a matsayin ɗan Nijeriya.

Ta fuskar harshe, binciken Al-Amin Abu-Manga, musamman littafinsa na 1999 kan Hausa a Sudan, ya nuna yadda Larabcin Sudan ya ratsa Hausar can a kalmomi da furuci da ginin jimla. A birane Larabci ya rinjayi matasa, a ƙauyukan bakin kogi kuwa Hausa ta fi riƙe matsayinta na harshen gida da kasuwa.

Ƙasa da sarauta

Tsarin mulkin gargajiya da Turawa suka ƙarfafa a Sudan ya ɗaure sarauta da ƙasa: ƙabilar da ke da dar, wato ƙasar gado, ita ke da nazir ko makk, shi ke raba gona da yanke hukunci, sauran kuwa suna zaune ne a ƙarƙashinsa. A kudancin Shuɗin Nilu masu wannan iƙirari suna danganta shi da daular Funj ta Sinnar, wadda ta yi mulki daga 1504 zuwa 1821. Shugaba Numairi ya mayar da duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba ta gwamnati a 1970, ya soke mulkin gargajiya a 1971, amma gwamnatocin baya suka dawo da shi domin suna bukatar sarakuna wajen neman goyon baya. Saboda haka duk al'ummar da ta nemi sarautar kanta, maƙwabta kan fassara abin da cewa ƙasa take nema.

Abin da ya faru ke nan a 2022. Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta Juba ta 2020, wadda ta sauya ma'aunin iko a yankin Shuɗin Nilu, Hausawa suka nemi a kafa musu masarauta a cikin tsarin mulkin gargajiya. Shugabannin Hamaj da Barta da sauran masu danganta kansu da Funj suka ƙi. A watan Yuli faɗa ya ɓarke a Rusairis da kewayenta, aka kashe fiye da mutum 100, dubbai suka gudu zuwa Sinja da Sinnar da jihar Farin Nilu, Hausawa kuma suka yi zanga-zanga a Kasala da Gadarif da Hartum. A watan Oktoba aka sake yin wani a Wad al-Mahi, inda mamatan suka kai wajen 200. Ba a warware maganar masarautar ba har yaƙi ya tashi tsakanin sojojin Sudan da rundunar RSF a Afrilu 2023. RSF ta kama Sinja a ƙarshen Yuni 2024, waɗanda suka fake a garin shekara biyu da suka wuce suka sake ɗaukar kaya, yawancinsu zuwa Gadarif, kafin sojoji su ƙwato shi a watan Nuwamba na shekarar. A Janairu 2025, lokacin da ake ƙwato Wad Madani, mayaƙan da ke mara wa soja baya sun far wa mazauna Kambo Tayba a Jazira bisa zargin sun taimaki RSF, suka kashe fiye da mutum 20.