Lacca Ba Magana: Tarihin Wata Lamba Mai Alƙaluma 21

A ranar 31 ga Oktoba, 1903, Farfesa Frank Nelson Cole na Jami'ar Columbia ya tashi a taron Ƙungiyar Masana Lissafi ta Amurka a birnin New York. Kamar yadda marubuci Eric Temple Bell ya ruwaito, Cole bai ce uffan ba. Alli ya ɗauka, ya lissafa abin da 2 guda 67 ke bayarwa idan aka ninka su da juna, ya cire 1, ya samu 147,573,952,589,676,412,927. Sai ya koma ɗaya gefen allon ya ninka 193,707,721 da 761,838,257,287. Amsoshin biyu suka zo daidai, ya koma ya zauna, mahalarta suka ɓarke da tafi.

Dalilin tafin yana cikin yadda masana ke karkasa lambobi. Akwai waɗanda ba sa rabuwa daidai sai da kansu ko da 1, kamar 7 da 13, waɗanda za a iya kira gagara-rabo. Sauran, kamar 15, daga ninka ƙananan lambobi suke fitowa. A shekarar 1644 wani malamin coci ɗan Faransa, Marin Mersenne, ya wallafa jerin lambobin da ya ce gagara-rabo ne, har da wannan. Bai kawo hujja ba, amma girman lambar ya sa aka shafe fiye da shekara 200 ba wanda ya iya ƙaryata shi.

A 1876 wani Bafaranshen, Édouard Lucas, ya nuna cewa lambar tana rabuwa. Sai dai hanyarsa hukunci kawai take yankewa, ba ta fito da lambobin da suka haifi babbar. An san ke nan Mersenne ya yi kuskure, amma babu abin nunawa a allo. Wannan giɓi Cole ya cike, kuma Bell ya ce aikin ya cinye masa ranakun Lahadi na shekara uku.

Abin lura shi ne tazarar da ke tsakanin ayyukan biyu. Gano lambobin ya ɗauki shekaru, tabbatar da su kuwa kowane ɗalibi mai haƙuri zai iya da takarda da biro. A kan wannan tazara Rivest da Shamir da Adleman suka gina tsarin sirranta saƙo na RSA a 1977, wanda har yau yana cikin hanyoyin kare hada-hadar banki a intanet. Kwamfuta na warware lambar Cole cikin ƙiftawar ido, shi ya sa makullan RSA na yau suke da alƙaluma sama da 600. Duk ranar da aka samu hanya mai sauri ta warware irinsu, dole bankuna su sauya makulli.