Lissafin Sauro: Abin Da Aka Yi A Garki

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai da malamanmu, da yawa daga cikinmu mun bar aji muna tambayar amfanin aljabara. To, ga wani tarihi da nake ganin ya shafe mu, mu da muka tashi a bakin Gagare da Bunsuru, inda zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara kowace damina.

A shekarun 1950 wani Baturen Ingila, George Macdonald, ya faɗaɗa lissafin da Ronald Ross ya fara a kan yaɗuwar cutar. Lissafin ya nuna cewa idan aka gajarta ran sauro da feshi, cutar za ta karye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shiga yaƙin kawar da ita a 1955, amma zuwa 1969 ta sauya dabara, don ba a ci nasara ba.

A shekarar ne hukumar da Gwamnatin Nijeriya suka fara aiki a Garki, wadda a lokacin take Jihar Kano, yanzu Jigawa, har zuwa 1976. Ma'aikata na bin ƙauyuka duk mako 10 suna ɗibar jini, wasu na kwana suna kama sauro suna ƙirgawa. A 1972 da 1973 aka yi feshi a ɗakuna, aka raba magani a wasu ƙauyukan. Da waɗannan alƙaluma Klaus Dietz, Bajamushe masanin lissafi, da Louis Molineaux da A. Thomas suka fitar da sabon lissafi a 1974, wanda ya sa garkuwar jiki cikin hisabi, wato yadda babba ke yawo da ƙwayar cutar bai kwanta ba.

Sakamakon bai yi daɗi ba. Cutar ta ragu ƙwarai, amma ba ta yanke ba, kuma da aka daina sai ta dawo. Wani sauron ashe ba ya sauka a bangon ɗaki bayan ya ci, waje yake fita, feshi bai same shi ba. Wannan kuwa ba a gano shi daga ofis a Janeba.

A ganina nan ne amfanin haɗin gwiwar yake: baƙi sun zo da ilmin lissafi, mutanen ƙasa sun san ƙauyukan, suka ba da jini da wahala, ko da yake sunayen uku kawai ake kira. Shekaru da dama bayan an tashi daga Garki, masana a Turai da Amurka sun ci gaba da gwada sababbin lissafinsu na kwamfuta da alƙaluman waɗannan ƙauyuka, waɗanda damina da faƙonsu ba su da nisa da na Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi.