Otal ɗin Ayar: Fadar Kawsan a Agadas

Otal ɗin Ayar, wanda aka fi sani da sunansa na Faransanci, Hôtel de l'Aïr, tsohon gida ne a tsakiyar birnin Agadas a Jamhuriyar Nijar, daura da babban masallacin Juma'a. Asalinsa fada ce da aka gina wa Kawsan, jagoran Abzinawan da suka yi wa mulkin mallakar Faransa tawaye, kuma ana danganta ginin da shekarar 1917.

Kawsan mutumin ƙabilar Ikazkazan ne, mabiyin ɗariƙar Sanusiyya. A watan Disamba na 1916 ya iso Agadas da mayaƙa da bindigogi, har da igwa, daga kudancin Libiya. Sarkin Abzin Tagama ya mara masa baya, suka yi wa barikin Faransawa ƙawanya kusan wata uku. Sai a farkon Maris na 1917 dakaru daga Damagaram suka karya ƙawanyar. Ramuwar da ta biyo baya ta yi muni ƙwarai: an kashe mutanen gari da dama, ciki har da malaman da suka fake a masallaci, birnin ya kusa zama kufai. An kashe Kawsan a yankin Fezzan a 1919, Tagama kuma ya rasu a hannun Faransawa a 1920. Ke nan mai gidan bai daɗe a cikinsa ba. Daga baya aka mayar da shi masaukin baƙi.

Abin da ya fi ɗaukar ido a ginin shi ne babban zauren da ya zama ɗakin cin abinci. Rufinsa na tsaye ne a kan bakan gizo, irin wanda duk wanda ya taɓa shiga soron sarauta a Kano ko Zariya zai gane nan take, domin ayarin fatake ya daɗe yana haɗa garuruwan nan da Abzin. Daga saman soro kuwa, hasumiyar masallacin mai tsawon mita 27 tana gaban mutum, da itatuwan da suka fito daga jikinta, waɗanda magina ke takawa in za a yi yaɓe.

Otal ɗin ya yi tashe a shekarun 1980, lokacin da tseren motoci na Paris-Dakar ke bi ta Agadas, Turawa masu yawon buɗe ido suna tururuwa zuwa duwatsun Ayar da hamadar Tenere. Tawayen Abzinawa na shekarun 1990 da na 2007 sun durƙusar da wannan kasuwa.

A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin Agadas cikin wuraren tarihi na duniya, fadar Kawsan kuma na cikin gine-ginen da wannan kariya ta shafa.