Lone Ranger da Shari'ar Baƙin Ƙyalle: Tarihin Wani Gwarzon Yara a Talabijin

A shekarar 1979 wata kotu a birnin Los Angeles ta ƙasar Amurka ta hana wani dattijo mai kimanin shekara 65 fita bainar jama'a da baƙin ƙyalle ɗaure a idanunsa. Sunan dattijon Clayton Moore. Ba ɓarawo ba ne, ba kuma ɗan fashi ba. Ɗan wasan kwaikwayo ne wanda ya daɗe yana fitowa a talabijin a matsayin wani mahayin doki mai suna Lone Ranger. Wannan hukunci ya harzuƙa ɗimbin magidanta waɗanda suka tashi suna kallonsa tun suna yara, ya kuma tono wata tambaya da ba a saba kai wa gaban alƙali ba, watau wane ne ke da gwarzon wasa: kamfanin da ya ƙaga shi, ko mutumin da ya ara masa jiki da murya, ko kuwa yaran da suka riƙe shi a zuci har suka yi furfura?

Asalin labarin ba daga talabijin yake ba. An fara shi ne a watan Janairu na 1933 a gidan rediyon WXYZ da ke birnin Detroit. Mai gidan rediyon, George W. Trendle, shi ne ya nemi a samar masa da shirin da zai ja hankalin yara, Fran Striker kuwa shi ne ya riƙa rubutawa. Zaren labarin gajere ne. Wasu dakarun tsaro su shida na jihar Teksas suka faɗa tarkon 'yan fashi a wani kwazazzabo, aka kashe biyar, na shida ya sha da ƙyar. Wani ɗan asalin ƙasar, daga cikin mutanen da ake kira Jajayen Indiyawa, mai suna Tonto, ya tsince shi ya yi jiyyarsa. Aka haƙa kabari shida domin maƙiya su zaci ba wanda ya tsira. Daga nan sai wanda ya rayu ya yanki ƙyalle daga rigar wansa da aka kashe, ya rufe idanunsa da shi, ya hau farin ingarmansa mai suna Silver, ya shiga duniya yana ƙwato wa raunana haƙƙinsu. Irin wannan labari ba baƙo ba ne ga wanda ya san fina-finan kaboyi da aka sha nunawa a gidajen sinima na Kano da Kaduna.

Abin da ya bambanta shi da sauran kaboyi shi ne ƙa'idojin da masu shirin suka gindaya masa. Ba ya shan giya, ba ya shan taba, ba ya ashar, Turancinsa kuma tsararre ne. Harsashinsa na azurfa ne, domin ya tuna cewa rai abu ne mai tsada, kuma ba ya harbi don ya kashe, sai dai ya kakkaɓe bindiga daga hannun mugu ya miƙa shi ga hukuma. Idan ya gama aiki ba ya jiran godiya. Kafin mutanen gari su tambayi ko wane ne, ya yi nisa. Kiɗan da ke buɗe shirin kuwa an ɗauko shi ne daga wani tsohon aikin Rossini, mutumin Italiya, na shekarar 1829, amma har yau da yawa daga cikin Amurkawa in sun ji shi, mahayin farin doki suke tunawa.

Akwai wani abu da ya faru a zamanin rediyo wanda ya kamata a lura da shi, domin shi ne ya koya wa masu shirin darasin da daga baya ya yaudare su. A watan Afrilu na 1941 Earle Graser, wanda ke yin muryar Lone Ranger, ya rasu a haɗarin mota. Sai aka tsara labarin ya zamana an ji wa gwarzon rauni, ba ya iya magana sosai. Bayan 'yan kwanaki ya warke da muryar wani mutum dabam, Brace Beemer, shiri kuma ya ci gaba har 1954. Abin da masu kamfani suka fahimta daga nan shi ne ɗan wasa tamkar ɗan haya ne, in ya fita wani ya shiga.

A watan Satumba na 1949 shirin ya koma talabijin a tashar ABC, ya kuma zama na farko da ya yi wa wannan tasha suna. Wanda aka zaɓa, Clayton Moore, an haife shi a Shikago a 1914. Tun yana yaro ya ƙware a wasan tsalle-tsalle da lilo a kan igiya, sa'an nan ya shiga fina-finan da ake nunawa kashi-kashi a sinima kowane mako. Wannan horo ya bayyana a yadda yake ɗarewa kan doki da yadda yake tsayuwa. Amma a 1952 sai aka sallame shi, aka ɗaura wa John Hart ƙyallen. An fi danganta abin da saɓani kan kuɗi, ko da yake shi Moore ya ce ba a taɓa gaya masa dalili ba. Lissafin masu shirin a fili yake: tun da rabin fuska a rufe take, wane yaro ne zai gane? Hart ya yi kashi 52, kuma ba wanda ya ce bai iya wasa ba. Sai dai yaro yana gane mahaifinsa ko da daga takunsa ne a zaure. Haɓar ba ita ba ce, muryar ma ba ita ba ce. A 1954 aka dawo da Moore, a shekarar da wani attajirin man fetur, Jack Wrather, ya sayi mallakar shirin a kan dala miliyan 3. Daga cikin kashi 221 da aka yi kafin a tsaya a 1957, Moore ne ya fito a 169, ban da fina-finan sinima biyu na 1956 da 1958.

Ba a yi adalci ba in aka wuce ba a ambaci abokin tafiyarsa ba. Jay Silverheels, wanda ya fito a matsayin Tonto, ɗan ƙabilar Mohawk ne daga ƙasar Kanada, an haife shi a 1912. Mutum ne mai fasahar magana, amma aka rubuta masa gurguwar Turanci ta 'yan kalmomi, aka kuma mai da shi ɗan aike wanda ake tura shi gari leƙen asiri, sau da yawa ya sha dūka. Sunan ma kansa a harshen Sifaniyanci yana nufin wawa, shi ya sa masu fassara shirin zuwa wannan harshe suka sauya shi zuwa Toro. Begen abin da aka gani a yarinta ba kasafai yake tsayawa ya duba irin wannan ba. Silverheels dai ya duba, domin daga baya ya taimaka wajen kafa wurin horar da 'yan wasa daga cikin mutanensa, ko sa samu abin da ya fi wanda shi ya samu. Ya rasu a 1980.

Da aka daina shirin, Moore bai nemi wani matsayi ba. Shekara ashirin da ɗoriya ya yi yana zagaya Amurka da kayan Lone Ranger, daga bikin kasuwa zuwa makaranta zuwa asibitin yara, yana kuma kiyaye ƙa'idojin nan a rayuwarsa ta zahiri gwargwadon abin da jama'a ke gani. Sunan wasa ya haɗiye sunan yanka, kamar yadda Samanja ya haɗiye na Usman Baba Pategi a ƙasar Hausa. A halin nan kuma tashoshi ba su daina maimaita tsofaffin kashe-kashen shirin ba, saboda haka 'ya'yan masu kallon farko su ma da shi suka tashi.

Ana nan sai kamfanin Wrather ya ƙudura yin sabon fim da saurayi. Tsoronsu shi ne kada jama'a su ci gaba da ganin Lone Ranger a siffar tsoho, ko su zaci shi ne zai fito a fim ɗin. Wannan ne ya kai su kotu a 1979, kuma ta fuskar doka gaskiya tasu ce, domin da kuɗinsu suka sayi sunan da ƙyallen. Moore bai saɓa wa umurnin kotu ba, bai kuma zauna a gida ba. Sai ya samo wani faffaɗan baƙin tabarau mai kama da ƙyallen, ya ci gaba da yawonsa. Ganin dattijo da tabarau a maimakon abin da aka san shi da shi ya fi kowace irin ƙara tasiri. Jaridu da gidajen rediyo suka ɗauki maganar, mutane suka riƙa sa hannu a takardun koke. Waɗanda suke 'yan shekara bakwai ko takwas a 1950 yanzu sun doshi arba'in, su ne kuma ake sa ran za su sayi tikiti su kai 'ya'yansu kallo.

Fim ɗin ya fito a 1981 da wani sabon ɗan wasa, Klinton Spilsbury, wanda ba a ma yi amfani da muryarsa ba, sai aka ɗora ta James Keach a kanta. Bai mayar da kuɗin da aka kashe masa ba, Spilsbury kuma bai sake fitowa a wani fim ba. Ba za a ce fushin masoyan Moore kaɗai ne ya kayar da shi ba, don fim ɗin yana da nasa raunin, amma ya shiga kasuwa da baƙin jini tun kafin a gan shi. Kamfanin Disney ma da ya sake gwadawa a 2013, da Armie Hammer da Johnny Depp, hasara mai yawa ya tafka.

A ƙarshen 1984 aka janye maganar daga kotu, Wrather kuma ya rasu a watan Nuwamba na wannan shekara. Moore ya koma ɗaura ƙyallensa yana da shekara 70. A 1987 aka sa masa tauraro a kan titin nan na Hollywood inda ake karrama 'yan wasa, aka rubuta sunansa tare da na Lone Ranger, abin da ba a saba yi ba. Ya rasu ranar 28 ga Disamba, 1999, yana da shekara 85.