Biktoriya: Ƙaramin Garin Da Turawan Ingila Suka Riƙa Jibge Sarakuna

Mutum mai lafiyar ƙafa zai iya karya kumallo, ya fita ya zagaye tsakiyar Biktoriya kaf, ya dawo masauki tun rana ba ta take tsaka ba. Amma fa garin nan shi ne fadar gwamnatin Seychelles, ƙasar tsibirai 115 da ke cikin Tekun Indiya, wajen kilomita 1,600 gabas da gaɓar Kenya. Mutanen ƙasar duka ba su wuce dubu ɗari da 'yan kai ba, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu nasu ne ke zaune a Biktoriya da kewayenta, a kan tsibirin Mahe. Duwatsu masu duhuwar itace sun tokare garin ta baya, teku ta tare shi ta gaba, har sai da aka riƙa cike bakin ruwa da ƙasa kafin a sami filin shimfiɗa sababbin hanyoyi da tashar jiragen ruwa.

Yawancin baƙi ba sa ba garin fiye da rabin yini. Rairayin bakin teku ne ya kawo su, don haka sai su leƙa kasuwa, su ɗauki hoto a gindin agogo, su koma otal. Agogon nan, wanda 'yan ƙasa ke kira Lorloz, yana tsaye a mahaɗar manyan titunan gari tun 1903. Na ƙarfe ne, launin azurfa, an kwaikwayo shi daga wani da ke kusa da tashar jirgin ƙasa ta Biktoriya a Landan, aka kafa shi don tunawa da Sarauniya Biktoriya da ta mutu a 1901. Duk kwatancen da za a yi maka a garin, daga gindinsa ake farawa.

Kasuwar ba ta da nisa da nan. Tun 1840 ake cin ta, ko da yake sunan da take amsawa yau na wani gwamna ne na baya, Selwyn-Clarke. Safiyar Asabar ta fi cika. Masunta na zube kifi a kan teburan siminti, jajaye da shuɗaye da masu zane, wasu tsawon hannun mutum, mai saye ya nuna, mai sayarwa ya fafe cikin kifin nan take. Balbelu kuwa sun mai da wurin gidansu: suna tsaye a gefen tebur ba tsoro, suna jiran a jefar da hanji su cafke. Can gefe ga ɓawon kirfa an ɗaure shi dami-dami, ga barkono, ga mangwaro da gwanda da kwakwa. Harshen da ke tashi shi ne Kiriyol, wanda tushensa Faransanci ne, duk da cewa Ingilishi da Faransanci ma harsunan hukuma ne. Fuskokin masu cinikin sun isa su gaya maka tarihin wurin, don za ka ga baƙi wuluk, ka ga fari, ka ga mai kama da Ba'indiye ko Basine, wani lokaci duk 'yan gida ɗaya.

Dalili shi ne babu wanda zai bugi ƙirji ya ce kakanninsa ne 'yan asalin tsibiran. Babu kowa a cikinsu sa'ad da Faransawa suka kafa dutsen mallaka a Mahe a 1756, suka laƙaba wa tsibiran sunan ministan kuɗin sarkinsu Louis na 15. Mazauna na farko sun sauka a 1770, mutum ƙasa da talatin, Turawa da bayi 'yan Afirka da Indiyawa kaɗan. A 1778 aka turo wani hafsa da sojoji 15 suka gina 'yan ɗakuna a bakin ruwa, wannan sansani shi ne ya zama garin. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Ingila, kwamandan wurin, Queau de Quinssy, ya ga ba shi da ƙarfin kare ko da kwalekwale, sai ya ɓullo da dabara: jiragen Ingila na isowa ya miƙa wuya, suna juya baya ya ci gaba da hulɗa da 'yan uwansa Faransawa. Ya yi haka ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, tun daga 1794. Da yarjejeniyar Paris ta 1814 ta miƙa tsibiran ga Ingila, Ingilishi suka bar shi a bakin aiki har ya mutu a 1827. Kabarinsa na cikin harabar fadar shugaban ƙasa. An hana bauta a 1835, aka raɗa wa garin suna Biktoriya a 1841, sannan daga 1861 jiragen yaƙin Ingila suka riƙa sauke dubban 'yan Afirka da suka ƙwato daga jiragen masu fataucin bayi a gaɓar gabashin Afirka. An ce an 'yanta su, amma gonakin kwakwa aka rarraba akasarinsu.

Abin da ya fi dacewa mai karatu na ƙasar Hausa ya tsaya a kansa ya zo bayan wannan. Mun san Lakwaja. Can Turawa suka kai Sarkin Kano Alu bayan 1903 har ya rasu a 1926, can suka kai Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi. To Biktoriya ita ce Lakwajar daular Ingila baki ɗaya. Wurin bai bukatar ganuwa ko sarƙa, don jirgin ruwa sai an daɗe kafin ya leƙo, kuma wanda ya gudu daga gidan da aka ajiye shi bai da inda zai dosa sai ruwa. Duk basaraken da aka ga ko yana tsare a ƙasarsa mutanensa ba za su kwantar da kai ba, sai a ɗora shi a jirgi a yi gabas da shi.

Na farko cikin manya shi ne Sultan Abdullah na Perak, a Malesiya ta yau, wanda aka kawo a 1877 bayan an kashe jami'in Ingila da aka ɗora masa. Amma wanda ya fi barin sawu shi ne Sarkin Ashanti, Prempeh na ɗaya. Turawa sun kama shi a Kumasi a watan Janairu na 1896, suka tsare shi a Elmina, suka wuce da shi Saliyo. Ko can ɗin ma mutanensa ba su daina tattaki suna zuwa gaishe shi ba. A 1900 gwamna Frederick Hodgson ya je Kumasi ya nemi a kawo masa kujerar zinariya ta sarautar Ashanti ya hau, abin da a wurin Ashantawa ya wuce cin mutunci, sai yaƙi ya tashi a ƙarƙashin Yaa Asantewaa, uwar sarautar Ejisu. Tun wutar ba ta mutu ba aka kwashe Prempeh da mahaifiyarsa da matansa da hakimansa, mutum hamsin da wani abu, aka sauke su a Mahe a watan Satumba na shekarar. A shekara ta gaba aka kamo Yaa Asantewaa ita ma aka tura ta.

A nan akwai maganar da ba ta da daɗin faɗi, amma tarihi ne. Cikin dakarun da Turawa suka shiga Kumasi da su a 1896, da waɗanda Kanar James Willcocks ya jagoranta a 1900 don ceto waɗanda aka yi wa ƙawanya a ganuwar garin, akwai sojojin da ake kira Hausawa, wasunsu daga Arewacin Nijeriya aka ɗebo su. Ba a yi shekara uku ba bindigar da suka ɗaukar wa Bature ta juyo kan Kano da Sakkwato.

An ba Ashantawa wata tsohuwar gona a Le Rocher, kudu kaɗan da gari, suka kafa ƙauyensu, sarki na yi musu shari'a kamar yana gida. Prempeh ya koyi karatu da rubutu, ya shiga cocin Anglika aka sa masa suna Edward, ya sa 'ya'yansa a makaranta. Wasu na ganin wannan karaya ce. Ni ban ga haka ba, domin mutumin da ya karaya ba zai zauna da dattawan da ke tare da shi a 1907 su rubuta tarihin sarakunan Ashanti don kada ya ɓace ba, kuma bai taɓa gajiya da aika wa hukuma takardun neman a mai da shi gida ba. Mahaifiyarsa ta rasu a tsibirin. Yaa Asantewaa ma ta rasu can a watan Oktoba na 1921. Sai a ƙarshen 1924 aka bar shi ya koma, bayan shekara 28 rabonsa da Kumasi, kuma da sharaɗin shi ba sarki ba ne. Jama'ar da ta tarbe shi ba ta kula da wannan sharaɗi ba, har Turawa suka ga babu makawa suka amince da shi a matsayin Sarkin Kumasi a 1926.

Maƙwabtansa a zaman gudun dole ba ƙananan mutane ba ne. Akwai Mwanga na Buganda da Kabalega na Bunyoro, tsofaffin abokan gaba da yaƙi da Bature ya haɗa, aka kama su tare a 1899. Mwanga ya mutu a tsibirin a 1903. Kabalega ya jure har 1923, aka sallame shi, ya mutu a Jinja bai ƙarasa gida ba. Akwai Sayyid Khalid na Zanzibar, wanda jiragen Ingila suka rushe masa fada a 1896 cikin ƙasa da sa'a ɗaya, da Sultan Mahmud Ali Shire na Warsangali a ƙasar Somaliya. Da zamani ya juya, 'yan siyasa suka maye gurbin sarakuna. An kai Sa'ad Zaglul na Masar a 1922, bayan shekara biyu ya zama firaministan ƙasarsa. An kai shugabannin Falasɗinawa a 1937, cikinsu har da magajin garin Ƙudus, Husaini al-Khalidi. An kai babban limamin cocin Kubrus, Makarios, a 1956, a 1960 ya zama shugaban ƙasa. Dabarar ta yi aiki a kan sarakunan ƙarni na 19, amma a zamanin jarida da rediyo sai ta koma ƙara wa wanda aka kora farin jini.

Kaɗaicin da ya sa wurin ya dace da kurkuku ya ƙare ne da buɗe filin jirgin sama a 1971. Ƙasar ta sami 'yancin kai ranar 29 ga Yuni, 1976, James Mancham na shugaba. Bai cika shekara ba firaministansa France-Albert Rene ya kifar da shi yana Landan wurin taro. A watan Nuwamba na 1981 wasu sojojin haya ƙarƙashin Mike Hoare suka sauka da shigar 'yan yawon buɗe ido, makamai a ƙasan jakunkuna. Wani jami'in kwastan ya gano bindiga, aka yi ta musayar wuta a filin jirgi, daga ƙarshe suka ƙwace wani jirgin Indiya suka gudu da shi Afirka ta Kudu. Yau ƙasar na ci ne daga baƙi da kifin tuna, wanda babbar masana'antar sa shi a gwangwani ke nan tashar ruwan Biktoriya.

Wanda Allah ya nufa da zuwa, ya sani Musulmi 'yan tsiraru ne a ƙasar, amma akwai masallaci a tsakiyar gari, kusa da titin Francis Rachel, an gina shi a 1982. A kan titin ne kuma gidan tarihi na ƙasa yake, cikin tsohon ginin babbar kotu. Sarkin Ashanti na yanzu, Osei Tutu na biyu, ya je a 2015 ya ga inda kakanninsa suka zauna. Bayan an gama da kasuwa da agogo, a shiga gidan tarihin, sannan a hau motar haya zuwa Le Rocher, tafiyar 'yan mintoci ce daga tsakiyar gari.