Sarki Biyu, Suna Ɗaya: Katsina da Maraɗi a Madubin Rigimar Istanbul

Hausawa kan ce ba a sarki biyu a zamani ɗaya, amma yau fiye da shekara 200 ke nan ana buga wa mutum biyu tambari da sunan Sarkin Katsina. Ɗaya yana Birnin Katsina, a Gidan Korau. Ɗaya yana Maraɗi, tafiyar kilomita kusan 90 arewa, a ƙetaren iyakar da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20. Kowannensu yana da Galadimansa da Kauransa da Durbinsa da Ƴandakansa, kuma Jamhuriyar Nijar ta san masarautar Maraɗi a takardunta da sunan Katsina-Maraɗi. To, sunan na wane ne? Na wanda ya riƙe ganuwa, ko na wanda ya fita da salsalar sarauta? Abin da nake so in kafa a nan shi ne, dukkansu magada ne na halal, kuma mai son mayar da maganar rigimar ƙabila biyu yana aro mana cutar da ta riga ta cinye wasu. Wasun kuwa su ne Girkawa da Turkawa.

Girkawan Megara ne suka kafa garin Bizantiyon a bakin mashigar Bosforus wajen ƙarni na 7 kafin haihuwar Annabi Isa. A shekarar 330 Sarkin Rum Kustantin ya mai da shi babban birninsa, garin ya ɗauki sunansa, shi ne Ƙusɗanɗiniyyar da malamanmu suka sani a littattafan Larabci. A 537 Sarki Justiniyan ya kammala cocin Aya Sofiya. Ran 29 ga Mayu 1453 Sultan Muhammadu na Biyu ya ci birnin, ya mai da cocin masallaci. A nan masu gajeren karatu kan tsaya, su ce daga ranar aka sauya wa gari suna aka shiga gaba. Ba haka aka yi ba. Sultan ɗin da kansa ya ɗauki laƙabin Kaisar na Rum, wato ya ɗauki kansa magajin waɗanda ya kayar, kuma a 1454 ya tabbatar da Gennadiyos a kujerar shugaban cocin Otodoks. Daular Usmaniyya ta Turkawa (kada a rikita ta da tamu ta Sakkwato) ta ci gaba da buga Kostantiniyye a kan kuɗinta da takardunta ƙarni bayan ƙarni, alhali mutanen kasuwa suna cewa Istanbul. Sunaye biyu sun zauna tare fiye da shekara 450.

Abin da ya raba su shi ne kishin ƙasa na zamani. Bayan Girka ta sami ƴanci a wajen 1830, ƴan siyasarta suka rungumi burin maido da birnin ya zama fadarsu. Burin ya mutu a yaƙin 1919 zuwa 1922. Sai aka zauna a Lozan a 1923 aka amince da musayar jama'a bisa addini: Kiristocin Otodoks fiye da miliyan ɗaya suka bar Anatoliya, Musulmi kusan 400,000 suka bar Girka. An keɓe Girkawan Istanbul daga wannan kora, amma tarzomar 6 da 7 ga Satumba 1955 da korar 1964 suka ƙarasa aikin, ta yadda a yau ƴan dubbai kaɗan suka rage. Tun wajen 1930 Turkiyya ta nemi duniya ta daina rubuta wani suna in ban da Istanbul. Girkawa kuwa har gobe allunan hanyarsu na arewa suna nuna Konstantinupoli, kuma ƴan gudun hijira sun tafi da sunan har filin ƙwallo: ƙungiyar AEK ta Atina, wadda aka kafa a 1924, da PAOK ta Tasalonika, ta 1926, harafin K na sunayensu na birnin da suka baro ne. Shugaban cocin, Bartolomiyo, yana nan a unguwar Fener da laƙabinsa na Ƙusɗanɗiniyya, gwamnatin Ankara kuwa tana kallonsa a matsayin jagoran ƴan tsiraru kawai. Da kotu ta soke dokar 1934 wadda ta mai da Aya Sofiya gidan adana kayan tarihi, aka yi Juma'ar farko ran 24 ga Yuli 2020, ranar da ta zo daidai da ranar sa hannu a yarjejeniyar Lozan, sai Girka ta sassauto da tutoci, coci-coci suka kaɗa ƙararrawar makoki.

Mu dawo gida. Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi a 1804, kuma wajen 1807 Birnin Katsina ya faɗa hannun jama'ar Shehu, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki. Sarkin da aka kora, Magajin Haladu, ya mutu a Ɗankama. Ruwaya ta ce rijiya ya faɗa don baƙin ciki. Waɗanda suka tsira suka naɗa Ɗan Kasawa, suka yi zaman mafaka a ƙasar Damagaram, daga bisani wajen 1819 suka karɓe Maraɗi suka kafa fada a kwarin gulbi. Ba su kira kansu sarakunan Maraɗi ba. A ganinsu Katsina ce ta yi ƙaura na ɗan lokaci, za ta koma. Shekarun da suka biyo baya na jini ne, kuma bai kamata a shafa musu mai ba. A Gawakuke, a 1836, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya rundunar ƙawance, Sarkin Katsina Rauda da Sarkin Gobir Ali suka kwanta dama. A zamanin Ɗan Baskore, wanda masani M. G. Smith ya sa mulkinsa tsakanin 1854 da 1875, dawakin Maraɗi sun yi ta kai hari kudu, ana kama bayi ta kowane ɓangare, garuruwan ƙasar Ruma suka koma daji. Bajamushe Heinrich Barth, da ya shiga Birnin Katsina a 1851, ya tarar da ganuwar da kewayenta ya zarce kilomita 20, amma ya ƙiyasta mazauna ciki ba su wuce 7,000 zuwa 8,000 ba, kasuwa ta koma Kano.

Ba Katsina kaɗai ba ce. Gobirawa sun rasa Alƙalawa a 1808, suka kai sarautar Gobir Tsibiri, dab da Maraɗi. Sarkin Zazzau Makau ya bar Zariya, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa Abuja a 1828 yana amsa Sarkin Zazzau, kuma da Najeriya ta ɗauke sunan Abuja ta ba sabon babban birninta, tsohon garin ya koma Suleja amma laƙabin bai motsa ba. Kabawa sun rasa Birnin Kabi a 1805, Sarkin Kabi yana Argungu, Sarkin Gwandu ne ke zaune a Birnin Kabi.

A ido, kamannin da Istanbul a bayyane yake, har ya kai ga gine-gine. Ruwayar gari ta ce Gobarau ne masallacin Juma'ar Katsina har zuwan Ummarun Dallaje, wanda ya gina sabo, tsohon ya rushe sai hasumiyarsa ta saura. Kuma kamar yadda Sultan Muhammadu ya gaji laƙabin Kaisar, haka sarakunan jihadi suka shiga Gidan Korau ba su sauya masa suna ba, suka riƙe sarautun tsohuwar fada. Shi ya sa wasu marubuta, musamman na zamanin Turawa, suka sauƙaƙe labarin: Fulani sun ci gari, Haɓe sun gudu, Katsina ta asali tana Maraɗi, ta kudu kuwa ta mamaya ce. Malaman fadar Sakkwato sun riga sun sauƙaƙe shi ta ɗaya gefen: Musulunci ya ci kafirci, waɗanda suka gudu ba su da sauran haƙƙi.

Duka biyun ba su tsayuwa in an matsa su. Na biyun shi ya fi saurin faɗuwa, domin birnin da Al-Maghili ya ziyarta a ƙarshen ƙarni na 15, wanda ya haifi Wali Ɗan Masani da Wali Ɗan Marina, malaman ƙarni na 17, bai jira 1807 ya san alƙibla ba. Gardamar jihadi kan irin Musuluncin masu mulki ce, da zalunci da haraji da gauraya addini da al'ada, kuma Shehu Laminu na Barno ya ƙalubalanci hujjar kafirtawar tun a lokacin, a wasiƙunsa da Bello. Na farkon ya fi daɗin ji a yau, saboda haka ya fi haɗari. Marigayi Yusufu Bala Usman, a littafinsa na 1981 kan sauye-sauyen Katsina daga 1400 zuwa 1883, ya nuna cewa kalmomin Haɓe da Fulani ba su iya ɗaukar nauyin abin da ya faru. Katsinawa tun fil azal tarin zuri'o'i ne, Wangarawa da Barebari da Buzaye da Fulani da sauransu, kuma layin da ya raba magoya bayan jihadi da masu adawa da shi ya ratsa ta cikin garuruwa da gidaje ne. Ba a buƙatar a je da nisa wajen misali: Malam Abdussalami na Gimbana, wanda kama mutanensa ya kunna wutar jihadin, Ba'are ne, ɗan Arewa, kuma shi ɗin ne ya yi wa Bello tawaye a 1817.

Babban bambancin kuwa shi ne, a nan ba a yi Lozan ba. Fada ce ta yi ƙaura tare da barorinta da mayaƙanta, talakawa suka zauna inda suke. Harshen Birnin Katsina bai sauya ba, sarakunan jihadi ne ma suka koma Hausa. Manomin Jibiya da na Madarumfa ƴan'uwa ne na jini da aure da kasuwa. Da wannan ne sunan ya iya zama a wuri biyu ba tare da ɗaya ya share ɗaya ba, domin sunan kujera ne da jama'ar da ke ƙarƙashinta, ba tambarin jini ba.

Daga garinmu Filinge, a Nijar, abin ya fi fitowa sarari, watakila don mu ba mu da ganuwar da za mu yi faɗa a kanta. Ƙasar Kurfai, a arewacin Dallol Boso, ta rayu tsakanin Zabarmawan Tondikandiya da Buzayen Imanan da Tagazar, ba tare da wata fada guda mai dogon jerin sarakuna ba. Bahaushe ya ce Kurfayawa, Bazabarme ya ce Sudiye, gidaje da yawa suna jin harsunan biyu, kuma ba a taɓa tsare wani a kasuwar Filinge an ce ya zaɓi ɗaya ba. Sarautar da ta haɗe ƙasar, Faransawa ne suka ɗora ta a kan Gado Namalaya a farkon ƙarni na 20, kuma masanin tarihi Finn Fuglestad ya karanta tashin ƙungiyar ƴan Hauka na wajen 1925 a matsayin ƙin wannan sabon tsari da masu ɗaure masa gindi. Wanda ya tashi a irin wannan ƙasa ya san cewa sarauta abu ne da ake ƙirƙira a wata shekara sananniya, sannan a yi mata ado da daɗewa.

Haka take a Katsina in an tona. Gidan da Ɗan Kasawa ya gada shi ma karɓa ya yi: Muhammadu Korau, a wajen tsakiyar ƙarni na 15, ya kawar da Sanau na Durɓawa, ruwaya ta ce a kokawa. Gidan Dallazawa na Ummarun Dallaje, da ya kori zuriyar Korau, shi ma bai dawwama ba, domin a 1906 Ingilishi suka tuɓe Sarki Yero suka naɗa Muhammadu Dikko na Sulluɓawa, wanda a lokacin yake riƙe da sarautar Durbi, kuma jikokinsa ne ke kan gado yau. Ita kanta Maraɗi ta tsage a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da ƙarfin Kaura Hasau ya sa Sarki Mijinyawa ya koma Tasawa. Duk wanda ya ce a mayar wa mai asali kayansa, sai ya faɗa mana a wane hawa zai tsaya.

Akwai hujja mai nauyi da ba zan tsallake ba. Mutumin Maraɗi zai ce, ko ma dai mene ne, a wurinmu ne tsohon tsarin fada ya tsira, da sarautar Iya mai kula da ƴan bori, da al'adun da kudu ta binne. Gaskiya ne, kuma saboda haka ne Smith ya je Maraɗi don ya fahimci Katsina kafin jihadi. Sai dai abin da ya tsira a can ya sha sauyi a shekara 80 na zaman yaƙi, sannan mulkin Faransa, sannan ambaliyar 1945 da ta sa aka tashi tsohon garin daga kwari aka kai shi tudu. Maraɗi shaida ce babba, amma ba hoton 1806 ba ce.

Dalilin da ya sa maganar ta wuce nishaɗin masana shi ne halin da ake ciki. Tun da ta'addancin ƴan bindiga ya mamaye Zamfara da yammacin Katsina ya ƙetara Madarumfa da Gidan Rumji, ake jin wasu muryoyi a Facebook da TikTok suna sake yanka tarihin gida biyu, Hausa zalla a nan, Fulani ƴan mamaya a can, suna kafa hujja da Maraɗi. Wannan shi ne matakin da Atina da Ankara suka taka kafin a fara loda mutane a jiragen ruwa. Kuma ilimin da zai amsa musu a rabe yake: ɗalibin Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai yana karanta Philippe David da Faransanci, na Zariya yana karanta Bala Usman da Ingilishi, kaɗan ne suka karanta duka biyun, alhali mutanen da ake rubutu a kansu harshe ɗaya suke yi.

Aikin da ke gaban jami'o'in Maraɗi da Katsina ba mai tsada ba ne. A tattara jerin sarakuna na fadojin Katsina da Maraɗi da Tasawa, da kirarin kowane sarki daga bakin maroƙa da sanƙirori tun suna raye, a buga su da Hausa gefe da gefe, a bar saɓanin da ke tsakaninsu a fili. A haɗa da rahoton kaburburan Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani, waɗanda Bature Palmer ya fara tonawa a 1907 aka sake tonawa a 1992, inda aka sami zinariya da hauren giwa da kwanonin ƙarfe da suka zo daga nesa, aka kai su birnin Mainz na Jamus don gyara da nazari. Mafi tsufan kaburburan sun girmi Gidan Korau, kuma bisa ruwaya babu ɗaya daga cikin fadojin uku da ta fito daga zuriyar waɗanda ke kwance a ciki.