Kyandir Biyu da Suka Kai Limamai Kaso

Ƴan uwa ɗalibai, a darasin tarihi an koya mana yaƙe-yaƙen Turawa a kan ƙasa da mulki, amma ba a cika gaya mana cewa sun yi shekara fiye da hamsin suna rigima a kan kyandir da turaren wuta ba. Wannan rigima ta cocin Angilika ta Ingila nake so in ba ku, don na ga ta yi kama da wasu gardandami da muke yi a fada muna shan shayi.

A 1534 sarki Henry na takwas ya raba cocin ƙasarsa da Paparoma na Roma, ya zama shi ne shugabanta. Daga nan cocin ta zama ta gwamnati, kuma littafin addu'o'inta na 1662 majalisa ce ta sa masa hannu. Ke nan yadda ake ibada doka ce, ba zaɓin limami ba. Ku riƙe wannan, don nan ne gizo ke saƙar.

A 1833 wasu malamai na jami'ar Oxford, irin su John Keble da Newman da Pusey, suka tashi suna cewa cocinsu ba sabon abu ba ce, reshe ce ta tsohuwar coci tun zamanin manzanni, don haka a koma ga al'adun da aka yar. Ɗaya ɓangaren, masu cewa Littafi kaɗai ya isa, suka ce a'a, wannan hanyar Roma ce ta bayan gida. Da Newman ya koma Katolika a 1845 sai suka ce: kun gani ko?

Almajiran Oxford ba su tsaya ga rubutu ba. Sun shiga unguwannin talakawa na Landan suka fara sa riguna masu ado lokacin jibin Ubangiji, suna kunna kyandir biyu bisa teburin ibada da rana tsaka, suna turare, suna fuskantar gabas sun ba jama'a baya, suna zuba ruwa kaɗan cikin ruwan inabi. Wani zai ce, to wannan har abin faɗa ne? Ai ba kyandir ɗin ake wa faɗa ba. Tambayar da ke ƙarƙashi ita ce: limami mai wa'azi ne kawai, ko kuwa mai tsayawa tsakanin mutum da Allah? A 1859 da 1860, a cocin St George da ke gabashin Landan, an yi watanni ana ihu da jifa cikin ibada, har karnuka aka riƙa sakowa.

Abin da ya fi tada hankali shi ne furta zunubi a asirce gaban limami. Littafin 1662 ya yarda da shi ga marar lafiya da zuciyarsa ta yi nauyi, amma mayar da shi al'ada, wannan magidanta suka ƙi. Tsoronsu a fili yake: ta yaya matata ko ɗiyata za ta gaya wa wani namiji abin da ni ban sani ba? A 1873 limamai 483 suka rubuta takarda suna roƙon a horar da masu sauraron furcin, ƙasa ta ɗauki zafi. A 1877 kuma aka karanto a majalisar dattawa wasu sassa na wani littafi da ake ba limamai a ɓoye, mai tambayoyi kan zunuban jiki, jaridu suka yi ca.

Sai gwamnati ta ce bari ta raba gardama. A 1874 babban bishop Tait ya kawo doka, Disraeli shugaban gwamnati ya goya masa baya, aka kafa kotu ta musamman, aka ba wani tsohon alƙalin sakin aure, Penzance. Limaman suka ce ba su san wannan kotu ba, ba ruwan majalisa da ibada. Arthur Tooth ne ya fara shiga kaso a Janairun 1877. Sidney Green na Manchester ya yi wajen wata ashirin a tsare. Limamai biyar aka ɗaure cikin shekara goma.

Me ya biyo baya? Mutanen da a da ke zagin su suka koma jin tausayinsu, don ba sata suka yi ba, kuma an san su da hidimar talakawa lokacin annoba. Bishop-bishop suka fara hana a shigar da ƙara. A 1890 aka yanke shari'ar bishop Edward King na Lincoln, aka halatta kyandir da fuskantar gabas. A 1906 kwamitin da sarki ya naɗa ya yarda cewa dokar ta yi wa ibadar mutane ƙunci. Abin da aka ɗaure mutane dominsa, jikoki suka tashi suka tarar da shi abin yau da kullum.

Rigimar ta iso Afirka ta hanyar ƴan mishan. Ɓangaren Oxford suka nufi Zanzibar, inda suka gina babbar coci a filin tsohuwar kasuwar bayi. Ƙasar Hausa kuwa ƙungiyar CMS ta samu, ta masu ibada ba ado. Su ne suka shiga Kano a 1900 tare da bishop Tugwell, Sarki Alu ya sallame su. Likita Miller ya zauna Zariya a 1905, daga baya mishan ɗin ya koma Wusasa a 1929. Nan wajenmu kuma SIM ce ta sauka Damagaram a 1924 da Tsibiri a 1927. Su ba Angilika ba ne, amma a kan turare da furci bakinsu ɗaya da CMS. Shi ya sa idan ka leƙa cocinsu ka leƙa ta Katolika a Maraɗi za ka ga bambanci tun daga ƙofa.

Mu ma mun san irin wannan. Kakanninmu sun ga yadda ƙablu da sadlu, wato inda za ka sa hannu cikin salla, ya raba sahu a ƙasar Hausa, kuma tun kafa Izala a Jos a 1978 gardamar bidi'a ba ta kwanta ba, har nan Cadawa. Ban zo in ce wane ke da gaskiya ba, ba ni da wannan ilimi. Abin da na ɗauka daga tarihin Ingila shi ne, duk wanda ya kira ɗan sanda don ya gyara wa maƙwabcinsa ibada, ƙara masa mabiya yake yi. Gobe mu ne za mu zama magadan gari da alƙalai da limamai. Ranar da aka kawo mana irin wannan ƙara, mu tuna da Penzance da kotunsa.